Ɗiyan Malama Kulu Sun Ce Babu

Tun da na dawo daga Zamfara ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a Islamiyya a tare ni, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya ce, "Hajiya, ashe kin dawo da ranki?" Sai ka ce wadda ta je yaƙi. To na gaji da maimaitawa, bakina ya yi tsami. Ga shi nan na rubuta, mai son ji ya karanta, wanda ya ƙara tambayata kuma mu ɓata.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Tun da na ajiye koyarwa, wani ofishi da ke bin diddigin shirye-shiryen koyar da sana'a na gwamnati yakan ɗauke ni aikin wucin gadi, saboda ina shiga gidan da namiji ba ya wuce zaure. Wannan karon aka ce akwai wata cibiya a Maradun da ke koya wa mata ɗinki da haɗa sabulu da man shafawa, a hannun wata dattijuwa, Malama Kulu. Matan da ta yaye sun warwatsu, wasu aure ya kai su Talatar Mafara, wasu rashin zaman lafiya ya kora su Bakura, sauran suna nan Maradun. Aikina in bi su gida-gida in tambaye su: sana'ar da aka koya miki, kina yin ta, kina samu?

Ogana bai ɓoye min komai ba. Ya ce in yawancinsu suna samu, cibiyar za ta ci gaba. In ba sa samu, za a rufe ta a kwashe kekunan ɗinkin a kai wani wuri. Ya ba ni wata waya mai faɗi kamar faranti, wadda zan riƙa shigar da amsa da suna da hoto da lambar waya. Sannan ya ja min kunne. Abin da mace ta faɗa da bakinta shi zan shigar, ba abin da na zata ba. Kada in gaya musu zancen rufewa, don kada su yi min ƙarya. Kuma ko goro kada in karɓa.

Daga Kano zuwa Funtuwa hira ake a mota, ana gardamar siyasa, ana ɓare gyaɗa. Muna wuce Yankara, inda Katsina take miƙa ka ga Zamfara, sai motar ta yi tsit. Akwai wani ƙato da tun daga Gwarzo yake cika mana kunne wai shi ba ya tsoron uban kowa. Na waiga na gan shi da carbi, leɓe na rawa. Ban yi masa dariya ba, don nawa carbin yana cikin hijabi. A wani shinge jami'in tsaro ya ga farantina ya tambayi amfaninsa, na ce na auna aikin gwamnati ne. Ya ɗago ƙafarsa ya nuna min takalmin da bakinsa ya buɗe, ya ce in na gama da matan in dawo in auna wannan.

A Gusau aka haɗa ni da direban da zai yi yawo da ni, Lawali, mutumin Mafara, dogo, mai sanyin magana. A wurinsa na fara sanin cewa mu Kanawa ba gaisuwa muke ba, jifa muke. Mu a tafe muke wurga wa mutum "ina kwana" mu wuce, ko amsar ba ma jira. Lawali kuwa sai ya tambayi kwana, da gajiya, da gida, da ɗiya, da hidima, da ƙoƙari, in ya kai ƙarshe ya ɗan numfasa ya sake ɗaukowa daga kwana. Kuma daga Bunguɗu zuwa Maru zuwa Mafara babu wanda bai sani ba. Na ce, "Malam Lawali, anya za mu isa kafin magariba?" Ya ce, "Muna isa, Hajiya, in sha Allahu," ya taka birki ya leƙa taga yana gaida mai faci.

Masaukin da aka kama min a Mafara yana da famfo, amma na ado ne. Ruwa a bokiti ake kawowa. Sauron garin kuwa, da alama shinkafar madatsar ruwan Bakolori yake ci ya ƙoshi kafin ya zo ya yi kayan zaki da baƙo. Da safe aka kawo min hoce, gasasshen abincinsu na garin dawa. Na juya shi, na ƙwanƙwasa, na ce wannan gurasa ce ta yi fushi? Mai masaukin ta ce in marmasa shi da mai da yaji da ƙuli-ƙuli. Na ci ina mita. Kafin in bar Zamfara ni ke aikawa a nemo min shi, amma kada wanda ya kai wannan maganar can.

Ranar Talata, ranar kasuwa, Lawali ya ce Malama Kulu tana gari, ta zo sayen soda da manja na haɗa sabulu. Muka same ta a rumfar masu manja tana ciniki kamar za ta cinye mai kayan. 'Yar gajeruwa ce, siririya, da tabarau ɗaure da zare. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce Bakanuwar da anka aiko ki auna ni? To ga ni, auna. Sai dai ba ni da nauyi."

Na ce, "Malama, ba ke zan auna ba, ɗalibanki ne."

"Ɗiyana dai. Ai duk ɗaya ne."

Ta ja ni inuwa ta saya min fura, ta kwatanta wa Lawali gidajen da zai kai ni. Da za mu rabu sai ta rage murya. Ta ce tun da mijinta ya rasu cibiyar nan ita ce ɗakinta, can take wuni, kuma akwai wasu mata da suka daɗe suna jiran a ɗauke su. Ta san abin da zai faru in sakamakon bai yi kyau ba, an gaya mata. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta ce, "Ki yi aikinki tsakaninki da Allah, ƙanwata." A raina na ce wannan tsohuwa, in dai ni ce, ba za a rufe mata ɗaki ba.

Gidan farko na wata Luba ne. Lawali ya tsaya a zaure, na shiga. Muka fara gaisuwa, na kunna faranti. Kafin mu kai kan gajiya ya mutu. Na sake kunnawa, muna kan ɗiya ya sake mutuwa. Wanda ya ƙera shi bai taɓa zuwa Mafara ba. Da ƙyar na samu na jefa tambayata.

"Luba, ɗinkin da kika koya wurin Malama Kulu, kina yi?"

"Ina hwa, Hajiya? Babu."

"Ko kaɗan?"

"Babu, sai godiyar Allah."

Na dube ta. Zaninta duk guntayen zare ne. A kusurwar ɗaki ga wani abu an lulluɓe da zanin gado an ɗora masa kwanuka, amma ƙafafun ƙarfe sun leƙo ta ƙasa, har da abin takawa. Na yi shekaru ina koyar da 'yan firamare, na san fuskar wanda ya ɓoye abu a bayansa. Ana cikin haka wata mata ta yi sallama ta shigo da atamfa a hannu tana cewa, "Luba, rigar nan ta biki..." Luba ta yi wuf ta tare ta, ta juya ta zuwa ƙofa, ta dawo tana ce min, "Ki yi haƙuri, Hajiya, maƙwabciyata ce, ba ta cika lahiya ba."

Dariya ta kusa ƙwace min. Amma doka doka ce, na shigar da babu. Zan fita sai ta biyo ni da leda. Na buɗe, hijabi ne, ɗinkin kamar na kanti, ko zare ɗaya bai kauce ba. Na ce wa ya ɗinka? Ta ce tsintarsa ta yi cikin kayanta. Na ce ba na karɓar kyauta, an hana ni. Nan take fuskarta ta canza, kamar na watsa mata ruwa. Lawali ya jiyo mu daga zaure, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, in kinka mayar da shi, kin zagi gidan. Nan ba a sallamar baƙo hannu wohi. Kawo in aje a but na mota, ki ce ni na karɓa."

Haka muka yi ta yi a Mafara. Kowane gida babu, kowane gida leda. Wannan sabulu, waccan man shafawa, wata rigar yara, wata zanin gado mai aiki a baki. Matan da ba su da sana'a suka cika mana but da kayan sana'a. A Kano mace ta sayi keke ɗaya, kafin ta iya saka zare ta buga allo a ƙofar gida, ta cika waya da hotuna, ta saka wa kanta suna da Turanci. Nan kuwa mace ta iya ɗinkin da za a kai Saudiyya, tana rantsuwa ba ta san allura ba.

Ni dai na ɗauka na gane wasan. Na ce tunaninsu tallafi aka zo rabawa, wadda ta ce tana samu za a tsallake ta. Wannan mu ma muna yi, mota mai tambarin gwamnati ta shigo unguwa kowa ya zama maraya. Na riƙa rantse musu ba abin da na zo rabawa. Su ce, "Allah sarki, sannu da ƙoƙari," su sake cewa babu.

Hanyar Bakura tayar Lawali ta fashe daidai kwanar shiga, safayar ma ashe ba iska. Dole na hau babur, wanda can suke ce wa kabu-kabu. Rabona da babur tun ina amarya. Na zauna a karkace irin ta mutunci, na rungume faranti, mai babur ya bi da ni ta gefen hanyar ruwan noman rani, albasa dama, albasa hagu. A wani gangare na zame a hankali, ba faɗuwa ba, zamewa, na zauna daram a cikin kunyar albasar wani bawan Allah. Ya taso da gudu, na ɗauka faɗa zai yi. Gaishe ni ya fara, tun daga kwana. Ina zaune a taɓo ina amsa masa gajiya da ɗiya.

Gidan da ya tsaya min a rai a Bakura na wata Tumba ne, wadda suka baro ƙauyensu ita da mijinta da 'ya'ya suka kama haya. Tun daga zaure ƙamshin sabulu ya tare ni. Hannayenta duk soda ta cinye su, sun yi fari sun tsattsage. Ta dama min fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba, mai kauri, ba wannan ruwan da ake sayar mana a Kano ba. Na sha, na gode, na yi tambayata. Ta ce babu.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ajiye faranti na karya dokar oga. Na ce, "Ke Tumba, ki dubi Allah! Hancina lafiyarsa ƙalau. Kin san abin da babu ɗin nan taku za ta jawo? Rufe cibiyar Malama Kulu za a yi, a kwashe kekunanta. Matar da ta koya miki abin da kike ci da 'ya'yanki!"

Na zata za ta zabura ta ce a gyara. Sai ta sunkuyar da kai. Hawaye suka riƙa ɗiga a kan tabarma. Sannan ta ce, "Malama uwata ce. Allah shina gani." Ta share ido da bakin zani. "Amma babu, Hajiya."

Na ɗauki faranti na shigar da babu. Wannan ba kukan mai neman tallafi ba ne. Da Lawali ya iso da motar na gaya masa, na ce ya fahimtar da ni. Sai da muka hau kwalta sannan ya ce wannan magana ta fi bakinsa, in bari sai na ga Malama.

Maradun da sassafe muka tafi, don Lawali ya ce hanyar ba a yin yamma a kanta. Muka bi ta wajen madatsar ruwan Bakolori, ko'ina kore shar, masu kifi na ɗaga mana manya-manya a bakin titi. Ban ma tsaya ciniki ba, ku da kuka san ni kun san lallai abin ya dame ni.

Cibiyar ɗaki biyu ce da rumfa. Kekuna jere, an goge su suna ƙyalli, mata na takawa, wasu a rumfa suna juya sabulu a robobi. Malama Kulu na yawo a tsakaninsu tana faɗa, tana warware ɗinkin da ya karkace. Wasu daga cikin tsofaffin ɗalibanta na garin sun zo, don ta aika musu cewa zan zo. Na ja ta gefe na gaya mata gaskiya. Na ce, "Malama, daga Mafara har Bakura babu suke ce min. In na Maradun ma suka ce haka, an gama. Kalma ɗaya za ki yi musu. Ki ce su faɗi gaskiya, in koma in sake bi gida-gida, ko a kabu-kabu ne."

Ta cire tabarau ta goge da mayafi. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Zauna, ƙanwata, in ba ki labarin Hassi."

Ta ce Hassi ita ce ɗalibar da ta fi kowa hannu. Wata shekara aka zo da masu ɗaukar murya don a nuna shirin yana aiki, aka ce a kawo wadda ta fi samu. Ita Malama da kanta ta zaɓo Hassi, tana alfahari. Hassi ta faɗa a rediyo cewa ta sayi keke na biyu, ta sayi saniya, ta yi wa mijinta babur. Kowa ya ji, har waɗanda ke daji, don suna da masu kai musu labari a cikin gari. Ba a daɗe ba aka ɗauke mijin a hanyar gona. Da suka kira, abin da ta lissafa a rediyo shi suka lissafa mata, ɗaya bayan ɗaya. Ta sayar da komai, dangi suka haɗa, ya dawo, amma har yau ba ya iya noma.

Na ce innalillahi. Na ce, "Amma Malama, wannan ba rediyo ba ne. Sirri ne, ofis kawai za shi."

"Da suna, da hoto, da lambar waya, da unguwa? Ke kin san hannu nawa wanga faranti zai bi bayan naki? Ki rantse min ba wanda zai gani, yanzu in tara su."

Na buɗe baki zan rantse. Wallahi na so in rantse. Amma ban sani ba, kuma ta ga ban sani ba.

Ta ce, "Ni ban ce masu su ce babu ba. Amma ba ni ce masu su ce akwai."

Ashe matan sun matso suna jinmu. Wata mai goyo, Inno, ta miƙe tsaye. Ta ce, "Malama, ni a rubuta ni. Ina ɗinki, ina samu, da shi nike ciyar da gidana. Ba a ruhe maki wuri ina kallo." Wasu biyu suka fara gyara mayafi za su tashi su ma. Na yi maza na jawo faranti.

"Zauna!" in ji Malama Kulu. Ban san ƙaramin jikin nan yana da irin wannan murya ba. "Mijinki ba Faru yake zuwa cin kasuwa ba? Ta wace hanya yake bi? Zauna, na ce. Keke ƙarhe ne."

Inno ta tsaya tana kallonta, ita ma tana kallonta, har Inno ta koma ta zauna tana kuka. Malama ta juyo gare ni ta ce in tambayi Inno yadda doka ta ce. Na tambaye ta. Da ƙyar na ji amsar. Na shigar da babu, kuma ban taɓa jin na tsani wani aiki kamar yadda na tsani nawa a ranar ba.

Da na dawo Kano ban zauna ba. Na rubuta wa oga bayanin duk abin da na gani, ban sa sunan kowa ba. Na kwashi ledojin nan na zazzage masa a kan tebur, na ce ga aikin marasa aikin yi. Ya fara yi min faɗan karɓar kyauta, ya ɗaga hijabin Luba ya duba ɗinkin, faɗan ya mutu. Mutumin kirki ne, ya tura bayanina sama, har ya bi shi da waya. Amma ya ce min kada in sa rai, don masu yanke hukunci amsoshin da ke cikin na'ura suke dubawa, kuma babu gurbin da ake shigar da ƙamshin sabulu.

Bayan 'yan watanni, wata safiya ina tankaɗe, wayata ta yi ƙara. Malama Kulu ce. Ta ce jiya an zo da mota an kwashe kekunan, ta share ɗakunan ta ba da makulli. Na fara ba ta haƙuri, kuka ya ci ƙarfina, na kasa haɗa magana.

Ta ce, "Ke Bakanuwa, mi ne na kuka? Ni anka ruhe wa wuri, ke ke kuka?" Ita ma muryarta ba daidai take ba, na ji. Sannan ta ce, "Yau da na gama sallah na rasa inda za ni, sai na zauna na bi ɗiyana da waya, Mafara da Bakura da nan. Kowace ta kwana ɗakinta, da mijinta, da ɗiyanta."

Ta ce in gaida gida, katinta zai ƙare.